Robert Coombes, Yaron da Landan Ta Yanke wa Ƙauna

Da safiyar Litinin, 8 ga Yuli, 1895, yara biyu 'yan uwa suka fito daga gida mai lamba 35 a layin Cave, cikin unguwar Plaistow da ke gabashin Landan. Babban, Robert Coombes, shekararsa 13. Ƙanensa Nathaniel, wanda kowa ke kira Nattie, shekararsa 12. Robert ya tsaya wurin maƙwabcinsu ya ba shi kuɗin hayar gida, ya roƙe shi ya biya musu idan an zo karɓa, domin ba za a sami kowa ba. Ya ce mahaifiyarsu ta yi tafiya zuwa Liverpool wurin danginta. Daga nan suka ratsa birnin zuwa filin wasa na Lord's, inda W. G. Grace, gwanin kurket da babu kamarsa a Ingila a lokacin, yake buga wasa. Suka wuni cikin dubban 'yan kallo, washegari ma suka koma.

Mahaifiyarsu, Emily Coombes, ba ta je ko'ina ba. Tana kwance a kan gadonta a ɗakin sama, ƙofa a kulle. Kafin gari ya waye a ranar nan Robert ya soke ta da wuƙa a ƙirji, wuƙar da ya saya da kansa kwanaki kaɗan kafin nan a kan sisi.

Gidan ba na matsiyata ba ne. Mahaifin yaran shi ne shugaban masu hidimar abinci a wani jirgin ruwa mai suna France, wanda ke zirga-zirga tsakanin Landan da New York yana dakon kaya da shanu. Albashinsa na isar su haya da abinci da sutura, sai dai rabin rayuwarsa a kan teku take, yaran kuwa suna hannun uwarsu. Kwana uku kafin abin ya faru ya yi musu sallama ya tafi. Robert yaro ne mai ƙwaƙwalwa, ya gama makarantar gwamnati da sakamako mai kyau, yana kuma da kunnen kiɗa. An sama masa aiki a masaƙerar jiragen ruwa ta bakin kogin Thames, amma ƙarar guduma da zafin wurin suka kore shi cikin mako biyu.

Kwana goma yaran nan suka yi a gidan da gawar a sama. Suka kwashe kuɗin da uwar ta ajiye. Daga nan Robert ya je bakin tashar jiragen ruwa ya nemo wani mutum mai suna John Fox, wanda ke yi wa ma'aikatan jirgi 'yan aikace-aikace, mutum mai rauni a tunani da ya san iyayensu tun da daɗewa. Ya ce masa uwarsu ta yi tafiya, ya zo ya zauna da su. Ya ba shi tufafin mahaifinsu ya sa, ya riƙa aikensa kai agogo da kayan kiɗa jingina. Suka je gidan wasan kwaikwayo, suka je shan iska bakin teku. Robert ya rubuta wa kamfanin jirgin takarda yana neman a ba su wani abu daga albashin mahaifinsu, wai uwarsu ba ta da lafiya. Ya rubuta wa mahaifin ma, ya ce ta ji ciwo a hannu, shi ya sa ba ta rubuto da kanta ba.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Bazarar shekarar ta zo da zafi mai tsanani. Wari ya fara fita daga gidan, ƙudaje suka cika tagar ɗakin sama, maƙwabta suka soma ƙus-ƙus. Labari ya kai ga matar ɗan'uwan mahaifinsu, ita ma sunanta Emily. Ranar Laraba, 17 ga Yuli, ta zo ta matsa sai an buɗe mata. Ta tarar da yaran da Fox suna karta a ɗakin baya. Da aka buɗe ɗakin sama aka ga abin da ke kan gado, Nattie ya tsallaka ta taga ya gudu. Robert bai gudu ba. Ya kira innar tasa ya gaya mata shi ya aikata, kuma Fox bai san komai ba.

Dalilin da ya bayar shi ne uwarsu ta yi wa Nattie duka saboda satar abinci, ta kuma ce shi ma nasa na tafe. Ya ce sun shirya cewa Nattie zai yi tari daga ɗakinsa a matsayin alama. Daga baya ya ƙara da cewa takan jefi ƙanen nasa da wuƙa idan ranta ya ɓaci. Emily Coombes ba ta nan balle ta kare kanta, kuma ko da duk abin da ɗanta ya faɗa gaskiya ne, babu ɗaya a ciki da ya halatta jininta. Mace ce mai shekara 37 da ke riƙe da gida ita kaɗai yayin da mijinta ke kan ruwa. Mijin kuwa sai da jirginsa ya isa New York ya ji cewa matarsa ta mutu, 'ya'yansa biyu suna hannun hukuma.

Jaridun Landan suka ɗauki zancen kamar wutar daji. Abin da ya fi girgiza mutane shi ne sanyin jikin yaron: ga shi tsaf-tsaf a gaban kotu, wani lokaci har da murmushi. Jama'a suka riƙa taruwa a ƙofar kotu suna yi masa ihu. Masu rubutu suka kira shi dodo, wasu suka ce irin lalacewar jinin talakawan birni ke nan. Sai kuma 'yan sanda suka gabatar da tarin ƙananan littattafan da suka samu a gidan, irin waɗanda ake sayarwa kwabo ɗaya, cike da labaran 'yan fashi da matuƙan jirgi da masu binciken kisa. Nan da nan aka sami wanda za a ɗora wa laifi. Tun da dokar 1870 ta kafa makarantun gwamnati, ta 1880 kuma ta tilasta zuwa makaranta, 'ya'yan leburori sun iya karatu, waɗannan littattafai kuwa su ne abin da aljihunsu ke iya saya. Mutanen da suka zauna binciken musabbabin mutuwar suka yi kira ga gwamnati ta hana sayar da su. Maganar dukan da ake yi a cikin gida kuwa ba ta sami irin wannan kulawa ba, domin a zamanin ba a ɗauki dukan yaro a bakin komai ba.

Tambayar da ta rage ita ce yadda za a yi da shi, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya san irin dokar da yaron ya faɗa hannunta. A Ingila ta lokacin, yaro ɗan shekara 7 yana iya ɗaukar laifi. Tsakanin 7 da 14 ana ɗauka bai san abin da yake yi ba, sai idan mai gabatar da ƙara ya nuna ya sani. A farkon ƙarnin, yaro da babba kurkuku ɗaya ake zuba su. A 1831 an rataye wani yaro ɗan shekara 14, John Bell, a garin Maidstone saboda kisan kai. A 1838, shekara guda bayan hawan Sarauniya Victoria, aka buɗe kurkukun yara maza a Parkhurst, inda har mari ake sa musu a ƙafa a shekarun farko. Daga can aka kwashi yara kusan 1,500 zuwa Ostireliya da New Zealand, mafi yawansu a kan sata.

Wadda ta fi kowa tsayawa a kan sauya wannan hali ita ce Mary Carpenter, 'yar wani limamin coci a birnin Bristol. Ta fara da makarantar yaran titi a 1846, ta ga da idonta yadda yaro ke shiga kurkuku da satar burodi ya fito ƙwararren ɓarawo. A 1851 ta wallafa littafi tana kira da a kafa makarantun gyaran hali. Hujjarta ita ce yaro yaro ne ko da ya yi laifi, abin da yake buƙata shi ne gida da tarbiyya da sana'a. Ta buɗe makaranta a Kingswood a 1852, sannan ta 'yan mata a wani gida mai suna Red Lodge a 1854, da taimakon kuɗin matar mawaƙi Byron. A wannan shekara ta 1854 majalisa ta yi dokar da ta ba alƙalai ikon tura mai laifi ɗan ƙasa da shekara 16 makarantar gyaran hali na shekara 2 zuwa 5. Sai dai masu ra'ayin horo sun ci nasarar saka sharaɗi: dole yaron ya fara yin kwana 14 a kurkuku. Mary Carpenter ba ta taɓa yarda da wannan sharaɗi ba, amma ba a soke shi gaba ɗaya ba sai 1899, shekara 22 bayan rasuwarta.

Makarantun suka bazu a faɗin ƙasar. Ƙungiyoyin addini da masu hannu da shuni ne ke kafa su, gwamnati na ba da tallafi tana aika mai duba su, iyaye kuma ana karɓar wani abu daga hannunsu duk mako. Maza na koyon noma da ɗinki da gyaran takalmi da kafinta, mata na koyon wanki da ɗinki da aikin gida. Wasu makarantun tsofaffin jiragen yaƙi ne da aka ɗaure a kogi: Akbar da Clarence a kogin Mersey kusa da Liverpool, Cornwall kuma a kan Thames, ba nisa sosai da unguwar su Robert. Rayuwa a ciki ba sauƙi. Akwai bulala, akwai ɗakin duhu, akwai sanyi da ƙarancin abinci. Yaran Clarence sun cinna wa jirginsu wuta ya ƙone a 1884, aka kawo wani, shi ma suka ƙone shi a 1899.

Da sata Robert ya yi, da ɗaya daga cikin waɗannan wurare za a kai shi. Amma kisan kai hukunci ɗaya gare shi a dokar Ingila ta lokacin, wato rataya, ba tare da duba shekaru ba. A 1895 ba wanda ya zaci za a rataye ɗan shekara 13 da gaske. Abin da aka saba shi ne a karanta hukuncin, sannan gwamnati ta mayar da shi ɗaurin shekaru masu yawa da aiki mai tsanani a kurkukun manya. Irin wannan kurkuku ne marubuci Oscar Wilde ya fito daga ciki a 1897 ya rubuta wa jarida abin da ya gani ana yi wa yara a Reading, har da labarin gandiroban da aka kora daga aiki saboda ya ba wani ƙaramin yaro mai kukan yunwa biskit.

Aka fara shari'a a babbar kotun Old Bailey ranar 16 ga Satumba, 1895, a gaban Mai Shari'a Kennedy. An riga an janye tuhumar da ake yi wa Nattie, aka mai da shi shaida a kan wansa. Lauyan Robert ya tsaya a kan cewa yaron ba shi da cikakken hankali. Mahaifin ya ba da shaida cewa tun haihuwa an ji masa rauni a kai da ƙarfen da aka jawo shi da shi, tabon yana nan a gefen goshinsa, kuma ya daɗe yana fama da ciwon kai. Likitan kurkukun Holloway, inda aka tsare shi, ya ce yaron ya gaya masa yana jin muryoyi suna yi masa magana. Mutum 12 da doka ta ɗora wa yanke hukunci suka saurari wannan duka. Akwai wata ƙofa da dokar 1883 ta buɗe, bayan wani mai taɓin hankali ya harbi Sarauniya Victoria bai same ta ba: ana iya cewa mutum ya aikata laifi amma ba ya cikin hankalinsa. Ta wannan ƙofa suka bi. Aka sallami John Fox. Robert kuwa aka ba da umarnin a tsare shi har sai yadda Sarauniya ta ga dama, wato ba ranar fita.

Aka kai shi Broadmoor, asibitin masu taɓin hankali da suka aikata manyan laifuffuka, wanda aka buɗe a 1863 a kan wani tudu a yankin Berkshire. Shi ne mafi ƙanƙanta a wurin. Duk wanda ya ji sunan Broadmoor a lokacin yakan ɗauka kabari ne na masu rai, kuma ga wasu haka yake. Amma Robert ya dace aka sa shi a sashe na 2, inda ake ajiye masu natsuwa. A nan kowa na da ɗakinsa, akwai littattafai da jaridu, akwai lambu, tagogi na kallon gonaki da dazuzzuka. Cikin waɗanda ya tarar akwai Dokta William Minor, likitan sojan Amurka da ya harbe wani mutum a Landan, wanda daga ɗakinsa na Broadmoor ya aika dubban misalan kalmomi ga masu haɗa babban ƙamus na Oxford.

A wurin nan yaron da ya girma cikin hayaƙi da hayaniyar Plaistow ya sami abin da bai taɓa samu ba. Kowace rana da tsarinta, lokacin tashi da na aiki da na barci. Ba a dukan marasa lafiya, doka ta hana ma'aikata. Aka sa shi a shagon ɗinki ya zama tela. Ya shiga ƙungiyar makaɗan asibitin, ya ƙware a goge irin na Turawa da piyano da ƙaho. Ya koyi darar Turawa har yana fafatawa da mutanen waje ta hanyar wasiƙa. Ya shiga ƙungiyar kurket ta asibitin. Ya koyi shuka kayan lambu. Shekara ta bi shekara, ya balaga, ya zama saurayi, ya zama cikakken mutum a cikin katanga, ba a ji shi da wata fitina ba.

Kusan shekara 17 ya yi. A 1912, yana da shekara 30, likitoci suka gamsu cewa lafiyarsa ƙalau, gwamnati ta yarda a sake shi bisa sharaɗi. Aka damƙa shi ga ƙungiyar agaji ta Salvation Army, wadda ke da babbar gona a Hadleigh cikin yankin Essex, inda ake koya wa waɗanda rayuwa ta kayar yadda za su tsaya da ƙafafunsu. Ya ci gaba da ɗinkinsa a can. A farkon 1914 ya shiga jirgi zuwa Ostireliya, inda Nattie, wanda ya zama ma'aikacin jirgin ruwa, ya riga shi zuwa. A can ba wanda ya san layin Cave.

Watanni kaɗan da isarsa Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Robert ya shiga rundunar Ostireliya, bataliya ta 13, a matsayin ɗan badujala. A tsarin soja na lokacin, idan an shiga fagen fama 'yan badujala kan ajiye ƙahonninsu su zama masu kwaso waɗanda aka harba. Ranar 25 ga Afrilu, 1915, dakarun Ostireliya da New Zealand suka sauka a gaɓar Gallipoli ta ƙasar Turkiyya, inda sojojin Daular Usmaniyya ke jiran su a kan tuddai. Wata takwas aka yi ana gwabzawa a wani ɗan tsiri na duwatsu da kwazazzabai, Ostireliya kaɗai ta rasa mutum fiye da 8,000, a ƙarshe kuma aka janye ba tare da nasara ba.

Aikin mai kwaso rauni a Gallipoli yana cikin mafi haɗari. Ba bindiga a hannunsa. Shi da abokin aikinsa za su hau tudu ana ruwan harsashi, su ɗaure wa mutum rauni, su ɗora shi a gadon ɗauka, su gangaro da shi ta hanyar da maharba suka sa wa ido har bakin teku, sannan su juya su koma. Da yawa daga cikin abokan badujalarsa an kashe su ko an raunata su. Robert ya yi wannan aiki tun daga sauka har janyewa, aka ba shi lambar yabo ta jarumta saboda shi. Daga nan ya zama saje mai jagorantar badujalar bataliya ta 45 a fagen yaƙin Faransa, yana kaɗa wa sojoji idan za su tafi bakin daga, yana kaɗa musu idan sun dawo a ragargaje.

Bayan yaƙi ya koma Ostireliya ya zaɓi wani ƙauye mai suna Nana Glen a jihar New South Wales, kusa da garin Coffs Harbour. Ya sami 'yar gona da ɗan ɗaki, yana noman kayan lambu yana sayarwa, yana koya wa yaran ƙauyen kiɗa. Bai yi aure ba. Mutane sun san shi a matsayin tsohon soja mai shiru-shiru da tsabta, wanda ba ya shiga sabgar kowa.

A 1930 ya shiga sabgar wani. Maƙwabcinsa yana da agola, yaro ɗan shekara 11, wanda yake yi wa dukan kawo wuƙa. Wata rana dukan ya wuce misali, yaron ya ji rauni sosai. Robert ya tsaya masa, maganar ta kai ga hukuma, daga ƙarshe yaron ya koma hannunsa da zama. Mutumin da ya kamata ya fi kowa gudun 'yan sanda da kotu, don kada a tono abin da ya baro a Ingila, shi ne ya fito saboda ɗan wani. Ya riƙe yaron kamar ɗan cikinsa. Ya ciyar da shi, ya ɗinka masa tufafi da hannunsa, ya tura shi makaranta, yana duba masa aikin gida da dare, ya koya masa noma. Duk abin da aka koya masa a Broadmoor sai da ya amfani yaron nan.

Robert Coombes ya rasu a watan Mayu na 1949 a Coffs Harbour yana da shekara 67. Yaron da ya riƙe ya girma, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya ga jikoki. Bayan shekaru masu yawa shi ne ya sa aka kafa dutse mai suna a kan kabarin uban riƙonsa. Wannan dutse ne ya ja hankalin marubuciya Kate Summerscale, wadda ke bin diddigin shari'ar 1895 a tsofaffin jaridu da takardun Broadmoor. Ta bi sawu har Ostireliya ta sami yaron a raye, tsoho mai shekara fiye da 90. Littafinta a kan labarin ya fito a 2016, kuma ta dalilinsa ne duniya ta san ƙarshen yaron da jaridun Landan suka gama yanke wa hukunci fiye da shekara 120 kafin nan.

Babu wani alheri da Robert ya yi daga baya da ya dawo da Emily Coombes. Kisan uwa laifi ne da harshe ke nauyin faɗa, kuma hisabinsa yana wurin Allah. Shekara 17 da ya yi a tsare ma ba wasa ba ne, ƙuruciyarsa duka a can ta ƙare. Amma da an bi son ran masu ihu a ƙofar kotu, da sojojin da ya sauko da su daga tuddan Gallipoli sun rasa mai ɗaukar su, da yaron Nana Glen ya rasa ƙofar da zai buga. Mukan ce hali zanen dutse ne. Ga ɗan shekara 13 wannan magana ba ta tabbata ba tukuna, domin mutumin da zai zama bai gama ginuwa ba, kuma waɗanda ya faɗa hannunsu suna da babban rabo a ginin.

Ba Robert kaɗai ne shaida ba. Masana tarihi a Ingila, ciki har da Barry Godfrey na Jami'ar Liverpool, sun bi rayuwar ɗaruruwan yaran da suka ratsa makarantun gyaran hali na zamanin Victoria da bayansa, tun daga shigarsu har mutuwarsu. Suka tarar mafi yawansu ba su koma ga laifi ba. Abin da ya fi taimakonsu shi ne sana'ar da suka fita da ita, da aikin da aka sama musu, da kuma bibiyar da makarantun ke yi musu bayan sun fita. Ingila kanta ta ɗauki darasi. Dokar yara ta 1908 ta kafa kotunan yara na musamman, ta hana kai ɗan ƙasa da shekara 14 kurkuku, ta kuma haramta yanke wa ɗan ƙasa da 16 hukuncin kisa. A waɗannan shekarun ne aka fara tsarin Borstal na horar da matasa masu laifi, wanda Najeriya ta gada, har yau kuma akwai irin wannan gida a Kakuri cikin Kaduna.

Saboda haka tambayar da aka yi a Old Bailey a 1895 tana gaban alƙalanmu da iyayenmu da masu riƙe da gidajen kangararrun yara a yau. Yaron da ya yi laifi dole a tsare shi, a hukunta shi daidai da laifinsa, a kuma kare jama'a daga gare shi. Amma a raba shi da manyan masu laifi, a bincika abin da ke faruwa a gidan da ya fito, a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa, a ɗauke masa mari da bulala, a sa masa sana'a a hannu, ranar da ya fita kuma a sami mai karɓarsa. Wanda duk aka damƙa wa irin wannan yaro ya sani amana aka ba shi, kuma za a tambaye shi yadda ya yi da ita.